Daga Fatoma zuwa Manajan Otal: Ilmin Saukar Baƙi da Matsayinsa a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar mota daga Sakkwato zuwa Yawuri ya san da wuya a wuce Jega ba a yada zango ba. A nan hanyar Birnin Kabi ta rabu da babbar hanya, a nan direba kan sha mai, fasinja ya yi salla ya nemi abin taɓawa. Kafin a iso Jega daga Tambuwal akwai Aliero, garin albasa da masu ɗori, inda 'yan kasuwa da majinyata ke sauka. Idan kuma aka miƙa kudu, sai a ratsa Maiyama a kan hanyar Koko. Kowane ɗaya daga cikin matafiyan nan baƙo ne, kuma bukatarsa ba ta wuce abu uku ba, watau wurin da zai sa haƙarƙarinsa, da abincin da ba zai cuce shi ba, da mutumin da zai amince wa da kayansa.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne labarin wani abokin karatuna. Ya sami gurbin karanta ilmin gudanar da otal a wata jami'a, amma da ya kai wa mahaifinsa takardar, sai dattijon ya ce bai sayar da amfanin gonarsa ya kai shi makaranta don ya zama kuku ba. Yaron ya haƙura, ya yi zaman shekara guda, ya sake jarrabawa. Makasudin wannan 'yar maƙala shi ne a bayyana abin da wannan karatu ya ƙunsa, a kuma nuna cewa sana'ar da yake koyarwa tsohuwa ce a ƙasar nan, tana cikin sana'o'in da suka ɗaukaka Jega tun kafin zuwan Turawa.

Ma'anar Ilmin Saukar Baƙi

Abin da muke nufi da ilmin saukar baƙi shi ne fannin da ke koyar da yadda za a tafiyar da wurin kwanan matafiya da wurin cin abincinsu a matsayin sana'a, ta yadda baƙo zai tafi yana yabo, ma'aikaci ya sami haƙƙinsa, mai dukiya kuma ya ci riba. Ya haɗa da otal, da gidan abinci, da madafar asibiti ko ta makarantar kwana, da shirya abincin taro ko na biki, har da hidimar masu yawon buɗe ido. Girki sashe ɗaya ne kawai daga cikinsa. Mafi yawan karatun ya shafi lissafi, da tsabta, da doka, da sanin yadda ake zama da mutane.

Saukar Baƙi a Gargajiyance

Bahaushe ya ɗauki baƙo da girma, har ya ce baƙonka annabinka. To, amma ban da saukar zumunta da ta neman lada, akwai saukar da ta zama hanyar cin abinci, kuma mai yin ta shi ake kira fatoma.

An kafa Jega wajen shekarar 1820, a hannun Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, a ƙarƙashin ikon Gwandu. Ba a daɗe ba ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin daular Usmaniyya. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sarin goro sukan biyo ta wannan yanki, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu har su isa Salaga, a cikin ƙasar Gana ta yau. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da takarkari, a ƙarƙashin jagorancin madugu. Duk inda suka kwana a hanya shi ne zango, kuma daga wannan kalma ce unguwannin Hausawa na Gana suka sami sunansu har yau.

Idan falke ya shigo gari, gidan fatoma yake nufa. Fatoma ne zai ba shi ɗaki da abinci, ya tanadi wurin ɗaure dabbobi, ya adana kaya, ya nemo dillali, ya yi tafinta idan harshe ya bambanta. Idan an sayar da kaya bashi, shi ne ke tsayawa lamuni. Galibi ba kuɗin haya yake karɓa ba, rabonsa yana fitowa ne daga la'adar cinikin da aka ƙulla a zaurensa. Wani masani Bature, Abner Cohen, ya tarar da irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, a wajen Hausawa masu fataucin shanu da goro, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 1969. Wannan ya nuna cewa duk inda Bahaushe ya kai fatauci, ya kai tsarin masaukinsa.

Idan muka duba da idon basira, za mu ga jarin fatoma na gaskiya amana ce. Ranar da aka ce kayan wani sun salwanta a gidansa, labari zai bi ayari har Gwanja, kuma daga ranar zaurensa ya zama kufai. Babu abin da ya sauya game da wannan a otal ɗin zamani.

Zuwan Turawa da Asalin Ƙyamar Sana'ar

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, ta yaya sana'ar da attajirai suka yi alfahari da ita ta zama abin da uba ke hana ɗansa? Amsar tana cikin kalmomin da muke amfani da su.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sun gina gidajen hutawa a manyan garuruwa domin Razdan da Di'o idan sun fita rangadi. Irin wannan gida shi aka kira bariki, mai kula da shi kuwa sarkin bariki. Ma'aikatansa su ne kuku da boyi. Kasancewar bariki yana bayan gari, nesa da idon dattawa, kuma ana shan giya a cikinsa, sai kalmar ta faɗaɗa ma'ana. Aka sami ɗan bariki, da matan bariki, da barikanci, dukkansu kuwa babu mai ɗauke da yabo. Da otal ya zo daga baya, sai ya gaji wannan suna. Shi ya sa idan aka ce wa dattijo ɗansa zai karanta aikin otal, ba fatoma ne ke faɗo masa a rai ba, boyin Bature yake hangowa riƙe da tire.

Bayan samun mulkin kai gwamnatoci sun gina manyan otal-otal a Arewa, kamar Hamdala a Kaduna, da na tafkin Bagauda a zamanin Gwamna Audu Bako na Kano, da Durbar da aka gina a Kaduna domin bikin FESTAC na 1977, da Giginya a Sakkwato. Wasu daga cikin irin waɗannan gine-gine sun durƙushe daga baya, abin da ke nuna cewa siminti da ƙarfe su kaɗai ba su raya masauki.

Yadda Sana'ar ta Shiga Makaranta

A ƙasashen Turai ma da koyon gida aka fara, yaro ya tashi a madafa ya ga yadda ake yi. Da jirgin ƙasa da jirgin ruwa suka yawaita matafiya, otal ya girma har ya fi ƙarfin idon mutum ɗaya, sai bukatar karatu ta taso. An buɗe makarantar otal ta farko a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan a 1893. A 1922 Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara koyar da fannin a matakin digiri. A nahiyarmu kuwa, Kenya ta buɗe Kwalejin Utalii a Nairobi a 1975 domin horar da 'yan ƙasa su riƙe otal-otal ɗinsu da kansu.

A Nijeriya kwalejojin fasaha ne suka riga jami'o'i. Kwalejin Fasaha ta Kaduna tana cikin waɗanda suka daɗe suna horar da ma'aikatan otal a Arewa. A 1988 aka kafa cibiyar ƙasa ta koyar da saukar baƙi da yawon buɗe ido, wadda aka fi sani da NIHOTOUR, a Bagauda ta jihar Kano. Daga baya jami'o'i suka shigo, kamar Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta, da Jami'ar Tarayya ta Wukari a jihar Taraba.

Abin da Ake Koyarwa

Ana iya kasa karatun kashi biyar.

Na farko shi ne karɓar baƙi. Ɗalibi zai koyi yadda ake rubuta sunan baƙo, da ajiye masa ɗaki tun kafin ya iso, da adana kayansa masu daraja, da sauraron kukansa ba tare da an hasala ba. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, kuma a wannan tebur ake gwada gaskiyar maganar. A nan ne kuma ake koyar da harsuna. Faransanci yana da muhimmanci ƙwarai ga ɗan jihar Kabi, domin jihar ta yi iyaka da Nijar da Binin.

Na biyu shi ne kula da ɗakuna, watau shara, da wankin zannuwan gado, da tsabtar makewayi, da maganin sauro da kuɗin cizo, da lura da famfo da wutar lantarki kafin su lalace.

Na uku shi ne madafa da ɗakin cin abinci. Ban da dabarun girki, ana koyar da kiyaye lafiyar abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita wannan cikin ƙa'idoji biyar: a tsabtace hannu da kayan aiki, a raba ɗanye da dafaffe, a dafa abinci ya nuna sosai, a ajiye shi cikin zafi ko sanyin da ya dace, a kuma yi amfani da ruwa da cefane masu kyau. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, don haka ba a so dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Mai karatu ya auna wannan da bazarar ƙasarmu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas, ga shinkafar da aka sauke da hantsi ana sayar da ita har la'asar sakaliya.

Na huɗu shi ne lissafi da kula da sito, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan karatun. Bari mu kawo misali. A ƙaddara mutum yana da masauki mai ɗaki 20. A wata mai kwana 30, abin da yake da shi na sayarwa shi ne kwanan ɗaki 600. Idan baƙi sun kama 240, to kashi 40 cikin ɗari ke nan ya sayar. Idan kuwa albashi da man janareta da gyare-gyare ba su fita sai an sayar da 300, to uwar kuɗi yake ci, ko da kullum yana ganin kuɗi a aljihun tebur. Ɗakin da ya kwana babu kowa ba kamar buhun albasa ba ne da za a ajiye a jira kasuwa ta yi kyau, daren jiya ya tafi ke nan. Haka kuma, a ƙaddara ana sayar da kwanon abinci naira 2,000, cefanensa ya ci naira 900. Cefane ya cinye kashi 45 cikin ɗari, kuma daga ragowar naira 1,100 za a biya itace ko gas, da haya, da masu wanke-wanke, kafin a yi zancen riba. A sito kuma ana koyar da cewa kayan da suka riga shiga su za su riga fita, don kada tsohon mai ko gari ya lalace a lungu.

Na biyar shi ne doka da shugabanci, watau haƙƙin baƙo a kan mai masauki, da lasisi da haraji, da matakan kashe gobara, da yadda ake ɗaukar ma'aikaci, a horar da shi, a tsara masa lokutan aiki. A zamanin nan an ƙara da amfani da kwamfuta da intanet, tun da baƙo kan nemi ɗaki ta wayarsa tun yana Legas.

Hanyar Shiga

Mai son digiri yana bukatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi, sa'an nan ya ci jarrabawar JAMB. Sauran darussan da ake nema sukan bambanta, domin wata jami'a ta sa fannin a tsangayar kimiyyar abinci, wata kuma a ta harkokin gudanarwa, don haka wajibi ne ɗalibi ya duba jagorar JAMB ta shekararsa. Karatun kan ɗauki shekara huɗu a mafi yawan wurare. Hanya ta biyu ita ce ta kwalejin fasaha, inda ake yin ƙaramar difloma shekara biyu, a yi shekara ɗaya ana aiki, a koma babbar difloma shekara biyu. Hukumar kula da ilmin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, ita ce ke tantance wannan hanya.

Ko ta wace hanya aka bi, akwai watannin gwajin aiki. A nan ɗalibi zai share ɗaki, ya yanka albasa, ya kwana a farke yana jiran baƙon dare. Lalle a faɗi gaskiya, aikin yana da wahala. Ana tsayuwa mai tsawo, ranar salla da kowa ke gida ita ce ranar aiki, kuma albashin farko ba ya da kauri. Wanda ya shiga da tunanin zai zama manaja a shekarar farko zai sha mamaki.

Bukatar Wannan Ilmi a Yankinmu

Tun da aka ƙirƙiro jihar Kabi a ranar 27 ga Agusta, 1991, zirga-zirga ta ƙaru a wannan yanki. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, wadda ke jawo iyaye da malamai masu ziyara da mahalarta taro. Jega tana da kwalejin kimiyyar lafiya, ga kasuwarta. A Nuwamban 2015 a jihar Kabi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya, abin da ya ƙara sanar da sunan jihar ga masu sayen shinkafa. Ga kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Kowane gari da irin baƙinsa. Wanda ya kawo ɗan'uwa mai karaya Aliero yana bukatar ɗaki mai sauƙin kuɗi na makonni, mai makewayin da majinyaci zai iya shiga. Mai sarin albasa yana bukatar wurin ajiye mota da kuɗi cikin aminci. Direban da ya ratso Maiyama yana bukatar abinci mai zafi cikin hanzari, da ruwan alwala, da wurin salla mai tsabta. Gane irin baƙon da ke gabanka, da auna abin da zai iya biya, shi ne abin da karatun ke kira nazarin kasuwa. Fatoma ya san shi da ka, ɗalibi kuma yana ƙarawa da alƙalami.

A nan ne nake ganin babban amfanin karatun. Mun sha ganin gidan abinci ya yi suna a tasha, amma ranar da mai shi ta tsufa ko ta rasu, sai ya mutu tare da ita, domin awon gishirin da lissafin kuɗin duk a kanta suke. Abin da aka rubuta kuwa ana iya gadonsa, ana iya buɗe reshe da shi, ana iya kai shi banki a nemi jari. Tuwon shinkafa da miyar kuka, da masa, da hoce, da fura da nono ba su gaza abincin kowace ƙasa ba. Abin da suke jira shi ne awo tabbatacce da tsabtar da baƙo zai amince da ita.

Damuwar Iyaye

Ba daidai ba ne a raina tsoron iyaye, domin akwai otal-otal da suka ci sunansu na bariki. Sai dai giya da alfasha ba sharaɗin sana'ar ba ne. Jihar Kabi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma manyan otal-otal na Makka da Madina, waɗanda ke saukar da alhazanmu kowace shekara, ba a sayar da giya a cikinsu. Halin masauki halin mai tafiyar da shi ne. Idan 'ya'yan mutunci suka guji aikin, baƙi ba za su daina zuwa ba, wani ne dabam zai sauke su, yadda ya ga dama. Har ila yau, 'ya mace da ta yi wannan karatu tana iya kula da madafar asibiti ko ta makarantar 'yan mata, ko ta kafa sana'ar abincin biki daga cikin gidanta.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa saukar baƙi sana'a ce da ƙasar Jega ta sani tun zamanin ayarin Gwanja, kuma ƙyamar da ake yi mata ta biyo bayan bariki ne. Mun kuma ga abin da makaranta ta ƙara a kan aikin fatoma, watau lissafi rubutacce, da kimiyyar tsabta, da sanin doka.

Akwai aiki biyu da suka rataya a wuyanmu, mu ɗaliban Hausa. Na farko, mu shiga Jega da maƙwabtanta mu tattara abin da dattawa suka sani game da gidajen fatomomi, da kalmominsu, da ƙa'idojin la'adarsu, tun masu labarin suna raye. Na biyu, mu haɗa kai da masana fannin a rubuta ƙananan littattafai cikin Hausa a kan tsabtar abinci da lissafin ciniki, domin mai tuwo da mai shayi da mai tsire na bakin tasha, waɗanda su ne ke ciyar da mafi yawan matafiya, kuma ba za su je jami'a ba. Da mahaifin abokina ya ji an kira karatun da sunan da kakanninsa suka sani, wataƙila da bai mayar da takardar ba.